Tashar jirgin ƙasa da filayen da ke kewaye da ita

Wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Maraɗi da hantsi ya san cewa kabu-kabu da adaidaita ne ke ɗauke da garin nan, su ke kwaso mutane daga unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo, har daga Tibiri da Jiratawa. Tun da Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil kwangilar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai tsawon kimanin kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, yawancin hirarmu kan kaya take, wato abin da jirgi zai kawo da abin da zai fitar. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasar da za ta kewaye tashar, da hannun da za ta faɗa.

Akwai darasi kan wannan a ƙasar Japan. A Tokyo da Osaka, miliyoyin ma'aikata da ɗalibai suna shiga birni kowace safiya a jiragen kamfanoni masu zaman kansu, irin su Tokyu da Odakyu da Seibu da Hankyu. Tashar Shinjuku da ke Tokyo kaɗai tana ganin fasinja sama da miliyan 3 a rana. Tun 2007 kati ɗaya, Suica ko PASMO, ya ishi mutum ya ratsa layukan kamfanoni daban-daban a yankin Tokyo, kuma jiragen wasu kamfanonin kan zarce cikin layin ƙarƙashin ƙasa ba tare da fasinja ya sauka ba. Duk da haka kamfani ba ya ƙara kuɗin tikiti yadda ya ga dama, domin gwamnati ce ke amincewa da iyakar farashi.

To daga ina ribar take fitowa? Ichizo Kobayashi, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Hankyu, ya buɗe layinsa daga Umeda da ke Osaka a 1910, ya ratsa ƙauyuka da gonakin da ba su da fasinjan kirki. Kafin jirgi ya fara gudu ya riga ya sayi filaye a Ikeda da ke kan layin, inda ya gina gidaje, daga baya ya sayar wa masu albashi a kan biyan wata-wata. A ƙarshen layi, a Takarazuka, ya buɗe wurin shaƙatawa domin kada jirgi ya yi tafiya wayam ranar hutu, sannan a 1929 ya buɗe katafaren kanti a tashar Umeda. Mutumin da ya sayi gida a hannunsa shi ne fasinjansa da safe, shi ne mai cinikinsa da yamma. Kamfanin da ya zama Tokyu ma ya ba jami'ar Keio fili a Hiyoshi, a kan layinsa a wajen Tokyo, saboda ɗalibai su cika jiragen da ke fita daga birni a lokacin da ma'aikata ke shiga.

Ba na cewa Maraɗi ta kai girman da jirgin cikin gari zai riƙe kansa a yau, kuma mun ga layin Yamai zuwa Doso, wanda aka ƙaddamar a 2016 amma bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Sai dai garin yana faɗaɗa da sauri, ana yanka gonaki ana sayarwa fegi-fegi, kuma da zarar an gina gidaje a kan hanyar da layi zai bi wata rana zuwa Tibiri ko Madarunfa, kuɗin diyya kaɗai zai kashe maganar.

Saboda haka nake roƙon hukumomin birni da na jiha su shata wannan hanya tun yanzu, su keɓe filayen da ke kusa da tashar, su kuma biya manoma haƙƙinsu cikakke kafin dillalai su riga su. Alhazan Maraɗi, waɗanda suka gina dukiyarsu a kan gyaɗa da fataucin kan iyaka, suna da jarin da zai gina kasuwa da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a wannan wuri. Sharaɗin da ya kamata a gindaya musu a rubuce shi ne wani kaso na kuɗin hayar ya koma ga kula da tashar da motocin da za su haɗa ta da unguwanni, kuma a ware wa ƴan kabu-kabu da adaidaita wurin tsayawarsu a cikin zanen farko.