Nasiha Ga Masu Ƙaga Labari Daga Musibar Mutane

Assalamu alaikum 'yan uwana marubuta.

Daren jiya wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo, kuma har yanzu na kasa ba ta amsa. Shekaru biyu da suka wuce na rubuta gajeren labari a kan wata gobara da ta yi ajalin wata mata da 'ya'yanta biyu. Abin ya faru da gaske, a bakin mutane na ji shi, na sauya sunaye, na ɗauka na gama rufa musu asiri. Da na iso inda ban san musabbabin wutar ba, sai na cike gurbin da kaina, na ce maigidan ne ya kulle su ta waje bayan sun samu saɓani, domin na ga labarin zai fi armashi a haka. Mai saƙon ƙanwar wannan maigida ce. Ta ce duk wanda ya san gidan ya gane su tun daga shafin farko, kuma yayanta, wanda ya binne iyalinsa uku rana ɗaya, har yau akwai masu yi masa kallon abin da alƙalamina ya ƙaga.

Ban san kalmar da zan sa wa wannan aiki nawa ba in ba ƙazafi ba.

Mukan kare kanmu da cewa ai ƙagaggen labari ne, ai mun rubuta a farko cewa idan ya yi kama da rayuwar wani to arashi ne. Wallahi mun san ba arashi ba ne. Mai karatu ba ya iya tsame gaskiya daga ƙari idan an dama su wuri ɗaya, abin da ya fi sosa masa rai shi yake riƙewa. A 1912 jirgin ruwan Titanic ya nitse da mutane fiye da 1,500, cikinsu har da ɗaya daga cikin manyan jami'an jirgin, William Murdoch. Da aka yi fim a kan haɗarin a 1997, sai aka nuna shi yana karɓar cin hanci, yana harbin fasinja, sannan ya kashe kansa. Danginsa da mutanen garinsu a Scotland suka yi kuka, har sai da wani babba a kamfanin fim ɗin ya je ya ba su haƙuri. Shekaru 85 bayan mutuwarsa ke nan, amma ciwon bai kwanta ba. To ina ga wanda ake yanka musibarsa babi-babi tun zaman makoki bai watse ba?

Ku dubi yadda Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen da aka ƙone a rami cikin Suratul Buruj. Ayoyi ƙalilan ne, babu sunan kowa, babu kwatanta yadda jiki ya ƙone, amma darasin ya isa. Ko matar Aziz, da duk abin da ta aikata, ba a ambaci sunanta ba a Suratu Yusuf. Mu kuwa mukan tsaya a kan gawa muna siffanta ta, mu sa wa mamaci maganar da bai taɓa furtawa ba, mu ƙirƙira wa wadda aka yi wa fyaɗe tunanin da zai sa a zarge ta, mu katse labari daidai inda uwa ta faɗi sumammiya domin a dawo gobe a nemi ci gaba. Muna ɗaukar abin ƙarami ne alhali a wurin Allah babba ne, kamar yadda aya ta 15 ta Suratun Nur ta faɗa wa waɗanda suka yi ta yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha.

Ba na cewa a daina rubutu a kan yaƙi, ko annoba, ko zalunci, domin shiru ma yakan taimaki azzalumi. Amma a nemi izinin masu abin, a jira rauni ya kame, inda ba a sani ba kuma a bar shi ba a sani ba. Idan ƙirƙira ake so, a ƙirƙiri gidan da mutanensa baki ɗaya, yadda babu mai rai da zai ga fuskarsa a ciki.

Na goge labarin da asuba, duk da na san ya riga ya bazu inda hannuna ba zai kai ba. Yanzu sauran in nemi wannan bawan Allah in roƙi yafiyarsa, kuma ban san da wace fuska zan tunkare shi ba. Don Allah, duk wanda yake da irin wannan rubutu a ajiye, ya dakata kada ya sake shi. Don Allah ku dakata. Ku kuma sa ni a addu'a.