Kwamfutar aljihu ce kakar wayar da ke hannunka

Duk lokacin da aka tayar da zancen yadda waƙa da fim suka shiga aljihun mutane, sunan da ake fara ambata shi ne iPod, ƙaramar na'urar sauraron waƙa wadda kamfanin Apple ya fitar a watan Oktoban 2001. Ba na musun girman wannan na'ura, amma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin wayar da ke hannunka yanzu ba daga iPod ta gaji halinta ba. Kakarta ta haƙiƙa ita ce ƙaramar kwamfutar aljihu da ake kira PDA, wadda aka ƙera domin ma'aikatan ofis, sai masu ita suka matsa mata lamba har ta koma rediyo da majigi.

Da farko babu wanda zai yi zaton haka. Lokacin da Palm Pilot ta fito a Amurka a 1996, aikinta ajiye kalanda da lambobin waya da ɗan abin da mutum ya rubuta da tsinken roba a kan gilashinta. Mafi ƙanƙanta a cikin samfuranta kilobayit 128 kacal take ɗauka, alhali waƙar MP3 ɗaya mai minti huɗu ta ninka wannan wajen sau talatin, kuma sautin da take iya fitarwa bai wuce ɗan ƙaran tunatarwa ba. Amma shekara uku bayan nan, a 1999, kamfanin Casio na Japan ya fito da Cassiopeia E-100 mai gilashi mai launi da ramin saka abin sauraro na kunne biyu, sannan a 2000 Microsoft ya saka manhajar Windows Media Player cikin tsarinsa na Pocket PC, a shekarar da kamfanin Compaq ya fitar da tasa kwamfutar aljihun mai suna iPAQ.

Wahalar da masu waɗannan na'urori suka sha ita ce ta sa nake ganin sun cancanci a tuna da su. iPAQ ta farko megabayit 32 gare ta, kuma a cikin wannan ɗan wuri manhajoji da takardun aiki da waƙoƙi suke cunkushe, saboda haka waƙa biyar ko shida sun isa su cika ta. Mafi ciwo shi ne, idan batir ya mutu murus, duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Wanda yake son ƙarin wuri sai ya sayi wata riga ta musamman ya zura na'urar a ciki, domin a jikin rigar ramin katin memori na CompactFlash yake. Mai hali kuma ya sayi Microdrive na IBM, ɗan faifai mai juyawa wanda faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, mai ɗaukar megabayit 340, wanda yake shanye batir kamar yashi ya ga ruwa.

Fim kuwa sai mai haƙuri. Mutum zai bar babbar kwamfutarsa a kunne ta kwana tana matse fim ya dawo daidai ƙaramin gilashi mai ɗigo 320 a tsaye da 240 a kwance, da safe ya tura shi cikin kati, wani lokaci ya tarar murya ta riga hoto, ya sake daga farko. Manhajar da ta share wa mutane hawaye a wannan fanni ba daga wani babban kamfani ta fito ba. Wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Gábor Kovács ne ya rubuta BetaPlayer, wadda daga baya ta koma TCPMP, ya sake ta kyauta, tana buɗe nau'o'in bidiyon da manhajar kamfani ta gaza buɗewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura fina-finai a Kano ana matse masa fim zuwa 3GP ana zuba masa a memori, ya san irin wannan aiki da idonsa, ko da bai taɓa riƙe PDA ba.

Na san za a ce iPod ta doke waɗannan na'urori na PDA a kasuwa, kuma gaskiya ne. Gigabayit 5 ta zo da shi, waƙa dubu a aljihu, ga sauƙin sarrafawa, ga batir mai jimiri, kuma ko LifeDrive, PDA ɗin da kamfanin Palm ya fitar a 2005 da gigabayit 4, ta zo a makare. Sai dai iPod aiki ɗaya aka yi ta dominsa, ba ta fara nuna bidiyo ba sai a ƙarshen 2005, lokacin da masu iPAQ da CLIÉ, PDA ta kamfanin Sony, suka shekara da shekaru suna kallo a cikin jirgin ƙasa. Su ne suka fara nuna cewa na'ura ɗaya mai gilashin taɓawa, wadda mai ita zai saka mata manhajar da ya ga dama, tana iya riƙe jadawalin aikinsa da safe ta kuma ɗebe masa kewa da yamma. Wannan tsari shi ne wayoyin zamani suka ɗauka, kuma shi ne ya haɗiye ita kanta iPod ɗin, wadda Apple ya daina ƙerawa a 2022.