Ƙwayar safe da bulalar malam

Ranar da na faɗa wa Hajiya a waya cewa likita ya rubuta wa ɗana magani, shiru ta yi. Can ta ce, "Yanzu ke da hankalinki za ki ɗora min jika kan ƙwaya don ƙiriniya?" Ban ga laifinta ba. Wanda ya ga ɓarnar da kodin ya yi wa matasan Kano, har gwamnati ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, jin kalmar ƙwaya kaɗai ya isa ya tayar masa da hankali.

Shekarar yaron 8, a Ingila muke. Sai da muka yi jiran fiye da shekara kafin a tabbatar yana da ADHD, wato hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, jiki ma haka. Da a gida ne, sunansa marar ji. Ƙanena ke nan sak. Ya sha bulala a makarantar allo, ya sha rubutu, ya sha ranƙwashi, ƙarshe ya watsar da boko a aji uku na sakandare. Har gobe ana cewa ƙi ya yi. Ni na daina yarda.

Ba wai nan aljanna ba ce. Akwai malaman da buƙatarsu kawai aji ya yi tsit, ka ga irin gaggawar mai bulala, sai dai da murmushi. Abin da ya kwantar min da rai shi ne ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila: a fara gyara wa yaro yanayi, a dawo da shi kujerar gaba, a gutsuttsura masa aiki. In matsala ta ƙi, kuma ya kai shekara 5, sannan a zo batun magani.

Mun yi duk wannan, ta ƙi. Aka ba shi metilfenidet, sinadarin da ke cikin Ritalin da Concerta. Ba maganin barci ba ne kamar yadda Hajiya ta zata, farkar da ƙwaƙwalwa yake yi. Kuma yana da tsada a jiki. Kwanon abincinsa yakan dawo daga makaranta ko buɗewa bai yi ba, sai tara na dare ya zo min kicin yana neman tuwo. Duk wata uku ana auna nauyinsa, tsawo duk wata shida, ga awon hawan jini da bugun zuciya.

Ban nemi shaidar malamarsa ba tukuna, shi na fara tambaya. Ya ce, "Mama, yanzu ina jin ƙarshen maganarta." Ashe da can farko kawai yake kamawa.

Mun shirya da likita za mu dakatar a hutun ƙarshen shekara mu ga hali. Hajiya kuwa ta ce ko ma mene ne, a riƙa yi masa tofi da safe. Ina yi, kafin ya haɗiye.