Sauraron majiyyaci ba ya nufin likitan haƙori ya bi umarninsa

Mutane da yawa a Abuja suna ɗauka cewa idan asibiti ya ce yana fifita buƙatar majiyyaci, to duk abin da mutum ya nema shi za a yi masa, ko da cewa ya yi a cire haƙorin da ya hana shi barci. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Abin da ake nufi shi ne likita ya saurari koken mutum, ya tambaye shi ko yana da ciwon suga, hawan jini ko juna biyu, ko yana shan maganin tsinka jini, sannan ya bayyana masa zaɓin da ke gabansa da kuɗin kowanne, cikin harshen da yake ji. Sau da yawa haƙorin da ake son cirewa yana gyaruwa da ciko ko jinyar jijiyarsa, kuma giɓin da cirewa ke bari yakan sa maƙwabtansa su karkace.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majiyyaci haƙƙin samun wannan bayani da na ƙin amincewa da magani, amma ba ta tilasta wa likita yin aikin da ya san zai cutar ba.