Tsakanin 614 da 621 kuɗin mutanenmu ke salwanta

Ƙanena yana da shagon buga takardu a Tawa, kusa da kasuwa. Kwamfuta ce ta tebur, babba, sai injin kwafi, sai ƴar modem irin wadda ake cusawa a jikin kwamfuta, wadda muke kira kile. Ranar wata Lahadi ya kira ni a nan Burusel, murya a dagule, ya ce: "Yaya, na sa layinmu na gida a kilen nan, amma sunan wani kamfanin Najeriya take nuna mini, kuma ta ƙi buɗe komai. Ga ɗalibai sun yi layi suna jiran in aika musu takardu."

A Sakkwato aka sayo masa kilen, ta hannu. Sunan da yake gani ba rezon da ta kama ba ne, tambarin kamfanin da ya fara sayar da ita ne, an dasa shi a cikin manhajarta. Adireshin shiga intanet ɗin, wanda ake kira APN, shi ma na wancan kamfanin ne. Sai da muka yi kusan awa guda a waya yana karanto mini abin da ke kan allo kafin muka canza shi. Ta yi aiki. Amma tun ranar abin yake raina, don kuwa na taɓa shiga irin wannan ruɗani a nan Beljiyam, kuma bai ci mini ko dala ba.

Layin da nake amfani da shi a nan na wani ƙaramin kamfani ne wanda ba shi da eriya tasa, haya yake yi a rezon babban kamfani. Da na sa shi a modem, kwamfutar ta ce wai ina romin, wato layina ya hau rezon da ba nasa ba kamar na fita ƙasar waje, alhali ina zaune a ɗakina, ta kuma ƙi haɗa ni saboda an rufe izinin romin. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasarsa da ta kamfaninsa, kowace eriya ma tana shelar tata lambar. Nijar 614 ce, Najeriya 621, Beljiyam 206, Faransa 208. A gida, lambobi biyu ne ke biyo baya: 01 ta Niger Telecoms, 02 ta Airtel, 03 ta Moov, 04 ta Zamani. Modem tana gwada ta layi da ta eriya, in sun saɓa sai ta ɗauka ka bar gida. Ba ta san taswira ba, lamba kawai ta sani.

Abin da na yi shi ne na buɗe izinin romin ɗin, na ci gaba da aikina. Ban ji ɗar ba, domin tun 15 ga Yuni 2017 ƙasashen Tarayyar Turai suka soke ƙarin kuɗin romin a tsakaninsu. Ko da kwamfutar ta kama eriyar Faransa, kuɗin ɗaya ne. Wannan ɗan akwatin izinin romin da na danna cikin daƙiƙa biyu, in mutumin Birnin Ƙonni ya danna shi, kiredinsa ya sa a caca.

Ɗan baffana yana can Ƙonni, yana cika wa ƴan kasuwa takardun kaya. Illela na tsallake, kuma sigina ba ta tsayawa a shingen duwan a duba ta. In rezon gida ya yi rauni, ko wuta ta ɗauke a eriyar unguwarsu, kilensa sai ta laluba ta riƙe ta Najeriya. In izinin a rufe yake, intanet ta yanke ana tsakiyar aika takarda. In a buɗe yake, forfen da ya saya na nan bai taɓu ba, kiredin da ya ajiye ne ke tafiya. Ya gaya mini ya taɓa sa jika biyu da safe, kafin azahar babu komai. A waya aƙalla kana ganin ƙaramin harafin R a sama, saƙon gargaɗi ya shigo ya yi ƙara. A kwamfuta saƙon yana sauka ne a wani lungu na manhajar kilen wanda ba mai buɗewa. Ita kuma kwamfutar tebur, ba ta bambanta mega mai araha da mai tsada. Da ta ga hanya sai ta hau sabunta kanta.

Akwai wani ruɗanin kuma. Sunayen kamfanoninmu sun sha canzawa: Celtel ta koma Zain, Zain ta koma Airtel a 2010, Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecoms a 2016, Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, aka samu Zamani. Tsofaffin modem da ke yawo a kasuwanninmu suna ɗauke da jerin sunaye na shekarar da aka ƙera su. Sai mutum ya ga sunan da aka daina amfani da shi, ko ya ga lamba tsura kamar 61404, ya rasa ko gida yake ko waje. Shi ya sa na sa ɗan baffana ya rubuta a takarda ya manna a jikin allo: in ta fara da 614 gida ne, in 621 ce a cire. Na kuma nuna masa inda ake zaɓar rezo da hannu a bar zaɓin kai tsaye.

Sai dai ba na son a ce wannan ne maganin. Maƙwabciyata a nan tsohuwa ce, ba ta san mene ne APN ba, ba ta taɓa jin 206 ba, kuma ba a taɓa kwashe mata kuɗi don ta ziyarci jikokinta a Faransa ba. Ba ilimi ta fi ɗan baffana ba. Doka ce ta tsaya mata. Mu kuwa mun bar mai shago da haddace lambobi.

Na san an yi yunƙuri. CEDEAO ta amince da ƙa'idar romin tun Disamba 2017, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa har Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. A Nuwamba 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan cire ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashen nan uku na ƙawancen AES. Na yi murna da wannan ƙwarai. Amma ina tambaya: mutumin Tawa sau nawa yake zuwa Bamako, sau nawa yake zuwa Sakkwato? Albasar Galmi ina take bi? Auren ƴan uwanmu, ta'aziyya, asibiti, sarin kaya, duk kudu muke yi. Iyakar da ta fi cin kuɗin Bahaushe ita ce wadda har yanzu ba a taɓa ba.

Abin da nake roƙon ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, da takwararta ta Najeriya bai fi ƙarfinsu ba, kuma bai buƙatar a koma wata ƙungiya. Su zauna su daidaita ƙarfin eriyoyin bakin iyaka, su yanke farashi ɗaya mai sauƙi ga mazauna garuruwa irin Ƙonni da Illela, su kuma wajabta wa kamfanoni tsayar da intanet ɗin romin har sai mai layi ya amince da kansa. Masu sayar da kile su ma su daina miƙa wa mutum ita ba tare da sun saita masa ba.

Jiya ƙanena ya sake kira. Wani malamin makaranta ya kawo masa tasa kilen daga Madawa, ita ma da sunan da ba nata ba. Ya ce: "Yaya, wannan karon ni na gyara masa, ban karɓi komai ba."