Ba Git ne ya lalace ba, sikirif ɗinka ne

Jiya a Yaba ta Legas wani ƙanina ya miƙo min laftof ɗinsa, wai sikirif ɗinsa (ɗan fayil ɗin umarnai) na sparse-checkout, wato fito da foldojin da kake so kaɗai daga rifo (ma'ajiyar kod), ya ƙi aiki cikin sabmodul, wato ƙaramin rifo da ke cikin babba, shi a ganinsa Git, manhajar adana tarihin kod, ne ya rikice. A'a wallahi. Sikirif ɗin yana rubutu ne cikin .git/info/sparse-checkout, alhali a sabmodul .git ɗin nan ɗan fayil ne mai layi ɗaya ba folda ba, ainihin foldar tana can cikin .git/modules/ na babban rifo, kuma saitin babba baya sauka kan ƙarami, kowa da nasa. Tun Git 2.25 na 2020 akwai umarnin sparse-checkout, ka shiga sabmodul ɗin ka buga git sparse-checkout set da sunan foldar da kake so, shi zai nemo wajen da zai rubuta saitin da kansa.