Wa ya ce wannan asarar za a iya jure ta?

Tun da 'yan Houthi suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, masu sharhin tsaro suka koma tonon Yaƙin Duniya na Biyu, suna lissafin kashi nawa cikin ɗari na jiragen sama runduna za ta yarda ta rasa don ta nutsar da jirgin ruwa. Wai "asarar da za a iya jurewa". Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 12 ga Fabrairun 1942, manyan jiragen ruwan yaƙin Jamus uku, cikinsu har da Scharnhorst da Gneisenau, suka ratsa mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa da rana tsaka. Birtaniya ta tura musu jiragen sama samfurin Swordfish shida ƙarƙashin Eugene Esmonde, jirage masu fikafikan yadi da tafiyar hawainiya. Daga cikin rakiyar da aka yi musu alkawari, jiragen saman yaƙi samfurin Spitfire goma kacal suka iso. Duk shidan aka kakkaɓo. Mutum 13 cikin 18 suka mutu, kuma ko bam ɗinsu ɗaya bai taɓa jirgi ba.

To, irin wannan jirgin ne dai guda 21 suka faɗa wa tashar jiragen ruwa ta Taranto a Italiya cikin dare a Nuwamban 1940, bayan leƙen asiri da shiri. Biyu aka rasa, aka kassara manyan jiragen ruwan yaƙi uku. Jarumtar matuƙan ɗaya ce. Shirin manya ne ya bambanta, kuma shi lissafin kashi yake rufa wa asiri.

Kashi biyar cikin ɗari a kowace fita, ai kamar ba komai. Amma matuƙin da zai fita sau 30 a haka, da kyar ɗaya cikin biyar zai ga ƙarshen aikin. Wanda ba shi ke ɗauke da kaya ba bai san nauyinsa ba.

Masu sharhin za su ce a yaƙin Midway na 1942 tsakanin Amurka da Japan, halakar jirage 15 na rundunar Torpedo 8 ta Amurka ce ta buɗe wa wasu hanya. Wannan dacewa ce aka shafa wa mai daga baya, ba wanda ya tsara ta.

Duk mai son kawo mana alƙaluma ya fara faɗa mana wa ya ba da umarnin tashi, da wace rakiya, kuma me aka nutsar. An ba Esmonde Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, bayan ransa, jiragen Jamus kuwa duk ukun sun isa gida.